Ko Ɗaya Bai Fashe Ba

Laraba, 16 ga Agusta, ƙarfe bakwai na safe

Wata mata daga ofishin agaji ce ta ba ni wannan littafin. Wai in rubuta duk abin da ya ƙone a gidanmu, ɗaki bayan ɗaki. Na ce mata ta rubuta "komai", ba sai an ɓata takarda ba. Ta ce, "Ki yi haƙuri, Dona Deolinda." Tun ranar Lahadi kowa haƙuri yake ba ni. Wanda ya sake ba ni haƙuri zai ji abin da bai taɓa ji ba.

Ina gidan Zulmira, yayar mijina, a cikin gari, a ɗakin da take ajiye keken ɗinki. Mijin nawa, Amílcar, yana asibiti a Coimbra. Da gangan suka sa shi barci, wai don kada ya ji zafin. Hannuwa biyu, baya, da gefen wuya. Ta gilashi ake kallonsa, minti goma, sai a ce ka fita.

Ƙauyenmu, Covão da Mó, gida goma sha huɗu ne. Shida suka tsira daga gobarar. Namu ba ya ciki.

Mun riga mun shiga mota, sai ya fita ya koma ya rufe tukunyar gas. Abin da na gaya wa ɗan sanda ke nan, kuma ya rubuta.

Alhamis, 17 ga Agusta, da hantsi

Shekara nawa ina cewa a sare itatuwan turaren nan? Ɗan marigayi Casimiro ya dasa su har jikin katangarmu, ya koma Lisbon ya zauna a ofis mai sanyi. Sau uku Amílcar yana kiransa a waya. "Za a duba, Ti Amílcar, za a duba." Ti, wato kawu. To an duba. Jiya ya aiko da saƙon jaje, har da hoton kyandir. Ya ci kyandir ɗinsa.

Shi ya jawo. Shi da iska. Shi da 'yan kwana-kwana da suka tsaya a can ƙasan kwari.

Juma'a, 18 ga Agusta, ƙarfe huɗu na yamma

Zulmira ta karɓi makullin mota wai za ta nemo tabarau ɗin ƙanenta. Ban yi tunani ba na ba ta. Can sai ga ta tana hawa bene tana nishi, rungume da bargon nan mai ruwan toka. Ta dire shi a kan tebur. Warin hayaƙi ya cika falon.

"Mene ne wannan a but ɗin mota?"

"Kin gani ai."

"Farantan kakarki."

"Su ne."

"Ba ki fito da takardun gida ba, ba ki fito da maganin hawan jininki ba, ko takalmin kirki babu a ƙafarki, amma farantai sun samu bargo."

Na ce tun da safe na saka su, da na ga hayaƙi a bayan dutse. Ta dube ni, irin kallon da ta yi mini ranar aurena, shekara arba'in da ɗaya ke nan. Ta shafa gefen bargon inda ya babbake. Ta shiga kicin ta hau buga tukwane.

Ta yi ta bugawa. Gidanta ne.

Asabar, 19 ga Agusta, ƙarfe biyu na rana

Noémia ta iso daga Luxembourg. 'Yata tilo. Ta rame. Daga tasha asibiti muka wuce, ta manna goshinta a gilashin tana cewa Baba, Baba, kamar zai ji. A hanyar dawowa ta ce in gaya mata yadda aka yi. Na gaya mata. Gas.

Ta ce, "Halinsa ne. Kansa ne ƙarshen abin da zai tuna."

Na ce ta rufe tagar motar, iska tana damuna.

Lahadi, 20 ga Agusta, da safe

Ban je coci ba. Ni da Shi ba mu da abin cewa da juna yanzu.

Lahadi dai, bayan sun fita

Na kwance bargon.

Tara ne, kuma tara na samu. Babban mai fure ɗaya ruwan ɗorawa a tsakiya da ganye kore kewaye. Biyu masu reshe shuɗi. Mai zurfin nan da kaka Perpétua take cewa hannunta ya yi rawa a kansa saboda ranar tana da cikin mahaifiyata. Har wanda ya taɓa tsagewa tun kafin a haife ni, aka ɗinke shi da ƙananan ƙarafa biyar ta baya, yana nan yadda yake.

Tana da shekara goma sha biyu ta fara zane a gidan tangaran na bakin kogi a Coimbra, da burushin gashin akuya da take ɗaurewa da kanta. Dubbai ta zana, aka kai kudu aka sayar wa masu girbi. Waɗannan tara kaɗai ta riƙe. Ita ta ba Inna, Inna ta ba ni, suna jikin bangon ɗakin cin abinci, kowane da wayarsa da ƙusarsa.

Ko ɗaya bai fashe ba. Ko ɓantarewa.

Kuma akwai jarida a tsakaninsu. Tsakanin kowane faranti da ɗan'uwansa, an ninke shafin jarida an saka. Wuta tana cin rufin gida, mutum ya tsaya yana ninke jarida! Wane irin wawa ne wannan? Wa ya ce masa ya yi haka? Wa ya roƙe shi jarida?

Talata, 22 ga Agusta, ƙarfe shida na yamma

Sun ɗebi fata daga cinyarsa sun liƙa a baya. Likitar ta ce hannun dama zai yi wuya ya koma yadda yake. Na tambaye ta ko zai iya riƙe almakashin sassabe. Ta ce mu fara da cokali tukuna.

Mutumin da duk zaitun ɗin kwarin nan shi yake gyara musu reshe.

Alhamis, 24 ga Agusta, da rana

Miyar Zulmira ba gishiri. Da gangan take yi.

Asabar, 26 ga Agusta, ƙarfe biyar na yamma

Maganar gas ta yi ƙafa. Yanzu a kasuwa cewa ake yi ba don Amílcar ba, da tukunyarmu ta fashe ta kwashe gidajen ƙasa shida da suka rage. Matar mai burodi ta riƙe hannuna tana kuka, ta ƙi karɓar kuɗin burodin masara. Shugaban gunduma ya zo har gida da hularsa a hannu, wai idan Amílcar ya warke za a kira taro a karrama shi. Noémia ta ce tana so a sa sunansa a jikin famfon ƙauye.

Zulmira tana tsaye a ƙofar kicin tana goge hannu. Ta ce, "Ai kuwa ya kamata. Ko ba haka ba, Deolinda?"

Na ce haka ne.

Ni ban ce ya ceci kowa ba. Cewa na yi ya koma ya rufe gas. Sauran su suka ƙara. Laifina ne mutane ba sa iya riƙe bakinsu?

Lahadi, 27 ga Agusta, bayan abincin rana

Fada ya zo. Noémia ta nuna masa farantan, ya ɗaga mai furen ɗorawa yana juyawa a haske, ya ce wannan alama ce, Allah yakan bar mana wani abu mai kyau a cikin toka. Na karɓe daga hannunsa. Na ce Fada, ba Allah ne ya ɗauko su ba.

Noémia ta ce, "Mama!"

Na ce ina nufin ni ce na saka su a mota. Tun da safe.

Laraba, 30 ga Agusta, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Mun je ƙauye ni da Noémia. Bango huɗu da bututun hayaƙi. Gadonmu ya zama ƙarfe a murɗe. A bangon ɗakin cin abinci ƙusoshi tara suna nan a jere.

Noémia ta zagaya baya, ta daɗe. Da ta dawo ta ce, "Mama, tukunyar gas ɗin tana can a ɗakinta na waje, wuta ma ba ta kai wurin ba. Kuma a buɗe take."

Na ce wataƙila 'yan kwana-kwana ne suka taɓa. Na ce wataƙila bai kai gare ta ba. Na ce ina na sani, ni ina cikin mota, ta daina yi mini tambayoyi kamar alƙali, rana tana dukana.

Alhamis, 31 ga Agusta, da safe

Ban yi barci ba. Keken ɗinkin nan yana kallona.

Asabar, 2 ga Satumba, ƙarfe uku na yamma

Ti Albano ya zo. Maƙwabcinmu ne na jikin katanga, shekararsa tamanin da uku, yanzu yana wurin jikarsa. Shi muka ɗauko ranar, yana zaune a kujerar baya da kejin tsuntsunsa a cinya. Duk kwanakin nan ina gaya wa kaina kurma ne.

Ya jira Zulmira ta sauka sayen madara. Ya juya kofinsa a kan tebur, ya ce, "Yarinya, an ce za a rubuta sunan Amílcar a famfo."

"Haka suka ce."

"Saboda gas."

Na juya ina kallon taga.

"Kunnena na hagu ne ya mutu, Deolinda. Na dama yana aiki. Kuma ta dama kike zaune."

Na ce masa ya sha kofinsa ya tafi. Na ce mu muka fitar da shi, da ba don mu ba da yanzu shi da tsuntsunsa gawayi ne, wannan ce godiyar? Ya ce ya gode, kuma ba zai gaya wa kowa ba, ba aikinsa ba ne. "Amma mutumin nan zai farka. Ki tuna shi ma yana da kunne."

Tsohon banza. Tsohon banza mai gaskiya.

Litinin, 4 ga Satumba

Sun fara rage maganin barcin.

Talata, 5 ga Satumba, ƙarfe tara na safe

Na ɗauki ɗaya daga cikin shuɗayen na fita baranda. Hawa na uku ne, ƙasa duwatsu. Na miƙa hannu waje. Na tsaya har kafaɗata ta gaji.

Na mayar da shi cikin jaridarsa.

Ko wannan ban iya ba. Allah wadaran hannun nan.

Laraba, 6 ga Satumba, ƙarfe shida na yamma

Zan rubuta sau ɗaya, ba zan sake ba.

Mun shiga mota. Wuta tana kan turaren ɗan Casimiro, tana ƙara kamar jirgin ƙasa. Amílcar ya jiƙa bargo a kwatami ya ba ni, ya ce idan gilashi ya fashe mu rufa. Ya tada mota. Na ce, farantan. Ya ce babu lokaci. Na ce minti biyu ne. Ya ce, "Ke mata, tangaran ne!" Sai na ce masa: "Da na uwarka ne da tuni ka ɗauko. Amma ku ba ku gaji komai ba, ba ku san zafin abu ba."

Ya kashe motar. Bai dube ni ba. Ya zare bargon daga cinyata ya shiga.

Da ya fito rigarsa tana ci da wuta a baya, bargon kuma yana rungume a ƙirjinsa, ya naɗe su da shi. Sai da ya buɗe but ya ajiye a hankali, sannan ya faɗi. Ni da Ti Albano muka kashe wutar da jakata da hularsa. Ni na tuƙa, ni da na shekara goma sha biyar ban taɓa sitiyari ba.

Yau na gaya wa Noémia haka, a tashar bas, don na san ba za ta yi ihu a gaban mutane ba. Ta yi. Ta ce, "Kin bar ni ina yawo ina cewa a sa sunansa a famfo! Kin bar mai burodi tana sumbatar hannunki!" Ta ce uwar babanta wankau ta yi wa mutane har yatsunta suka lanƙwashe, ta ciyar da yara shida, wannan ba gado ba ne? Ta ce tun tana ƙarama take jin ina jefa masa irin wannan maganar a kan tebur, yana haɗiyewa da miya.

Ta hau bas ta bar ni a kan benci. Na jira na gaba.

Alhamis, 7 ga Satumba, da rana

Noémia ba ta ce mini Mama. "Ki miƙo gishiri." "An kira daga asibiti." Shi ke nan.

Zulmira ta sani yanzu. Na shirya mata, na tanadi amsoshi tun asuba. Sai kawai ta ajiye mini kwanon miya, ta ce, "Ci." Da gishiri. Wannan ya fi zagi ciwo, kuma ta san haka.

Asabar, 9 ga Satumba

Ya buɗe ido. Noémia ce ta shiga. Ni na tsaya a baranda ina karanta takardar wanke hannu da ke jikin bango, sau ashirin.

Talata, 12 ga Satumba, ƙarfe biyar na yamma

Na je wurin shugaban gunduma da ƙafata. Na ce a bar maganar famfo, mijina ba gas ya koma rufewa ba, ni na aike shi ɗauko kaya. Ya ce ai duk da haka jarumi ne. Na ce ban zo neman ra'ayinka ba, Senhor Horácio, na zo in gaya maka ne. Daga nan na wuce wurin 'yan sanda na ce a gyara takarda. Na biya mai burodi, ta karɓa ba ta ɗago kai ba.

Kafin yamma duk garin ya ji. Su ji. Su da ba su taɓa faɗin maganar da suka yi nadama ba, su yi ta nuna ni da baki.

Juma'a, 15 ga Satumba, da yamma

An cire masa bututun maƙogwaro. Ya yi magana da Noémia, ya yi da Zulmira, ya tambayi awakinsa, aka gaya masa. Bai tambaye ni ba.

Lahadi, 17 ga Satumba

Bai tambaye ni ba.

Laraba, 20 ga Satumba, ƙarfe bakwai na yamma

An mayar da shi ɗakin marasa lafiya na sama. Nas ta leƙo ta ce, "Wace ce Deolinda? Ya ce ki shigo ke kaɗai."

Sun aske masa kai. Hannuwan a naɗe, kamar burodi biyu a kan zanin gado. Muryarsa ta zama ta wani. Na tsaya a ƙarshen gadon, duk abin da na shirya ya gudu.

Ya ce, "An ce kin yi mini ƙaryar gas."

"Na janye."

"Na ji." Ya yi tari, ya daɗe. "Suna nan?"

"Suna nan. Duka tara."

"Kada ki ɗauka don ke na shiga. Haushi ne. Shekara arba'in da ɗaya, Deolinda. Na ce bari in ɗauko mata tsiyarta, in ga abin da za ta sake cewa."

Na ce, to jaridar fa? Wanda ya shiga don haushi yana ninke jarida? Ban san na ɗaga murya ba sai da na gadon kusa ya juyo. Na ce da ka kwaso su kawai ka fito da bayanka lafiya, wawa, wawan Allah!

Ya ce, "Da ɗaya ya ɓantare da har kabari ina ji."

Gaskiya ne.

Sai ya ce, "Kin san ban taɓa cin abinci a cikinsu ba? Ni na buga ƙusoshin. Ni nake hawa kujera duk Ista in sauko miki da su ki wanke. Bishop ya ci a ciki, likitan da ya karɓi haihuwar Noémia ya ci. Uwata ta zo gidan nan sau nawa, a kwanon roba kika zuba mata."

Na buɗe baki. Ya ce, "A'a. Yau ni ke magana. Ranar Lahadi ki kawo mini naman akuya, irin na baƙar tukunya. A cikin babban, mai furen ɗorawa. Kuma daga yau a cikinsu zan ci, kullum, da waɗannan hannuwan. Idan ya faɗi ya faɗi. Ba za ki ce uffan ba."

Na ce nas ba za ta yarda ba. Ya ce ya riga ya tambaye ta.

Asabar, 23 ga Satumba, da rana

Zulmira ta ara mini tukunyarta. Ta tsaya a kaina tana cewa giyar ta yi yawa, tafarnuwa ta yi kaɗan, uwarsu ba haka take yi ba. Na ce to nuna mini yadda take yi. Ta dube ni, sannan ta ture ni gefe ta karɓi cokalin.

Lahadi, 24 ga Satumba, ƙarfe shida na yamma

A cinyata na riƙe shi a bas har Coimbra. Noémia ta riƙe tukunyar. Da direba ya taka birki ta kai hannu ta tare farantin tare da ni.

Na zuba masa nama da dankali a kan teburin gado. Romon ya rufe furen. Nas ta ɗaura masa cokali mai yatsu a jikin bandejin da roba. Ya soki dankali, ya suɓuce. Ya sake. Farantin ya zame har bakin tebur, rabinsa a iska. Na sa hannuwana biyu a ƙarƙashin cinyata na danne. Ya dube ni. Ya tura shi baya da gwiwar hannu, a hankali, bai daina kallona ba.

Naman ya fi ƙarfinsa. Ya yi ta fama, gumi yana bin kansa, ba zai roƙa ba, na san shi. Na ciro wuƙa daga jaka. Na nemi wani abin da zan yanka a kai, babu.

Ya ce, "A nan."

Na yanka. Wuƙar ta ratsa naman ta sauka a kan zanen kaka Perpétua, ta yi wannan ƙarar da ke tsaya wa mutum a haƙori. Na sake yankawa. Sau goma sha ɗaya, ƙanana, yadda zai iya ɗauka.

Ya cinye tas, ya ce Noémia ta goge masa romon da burodi. Da farantin ya fito fili ga layukan nan a tsakiyar furen, sirara, ba za su goge ba.

Ya ce, "Gishiri ya yi yawa."

Na ce yayarka ce ta saka.

Noémia ta ce, "Mama, gobe wanne za mu kawo?"

Na ce shuɗin.